Me ya sa littafin waya yake kusan kuɗi ɗaya da na takarda?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malaman zauren nan, musamman masu harkar littattafai. Ƙanwata tana karatun jinya, aka ce su nemi wani babban littafin duba cututtuka da magunguna. Muka shiga shafin kamfanin da ya buga shi. Na takarda da na saukewa a waya, bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, wai akwai mai ɗan sauƙi amma na haya ne, wata shida ko shekara, lokaci na cika ya rufe kansa. Babu takarda, babu tawada, babu bango, babu kuɗin jirgi, babu kwastan. To kuɗin me ake karɓa?

Abba Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Anti. Kuɗin zalunci ake karɓa. Turo min sunan littafin, kafin la'asar zan nemo miki shi kyauta a Telegram.

Baban Sadik:
Abba, yi haƙuri tukuna a ba Hajiya amsa. Ni aikin maɗaba'a nake yi a Zariya, kuma tambayar nan kullum sai an yi mana ita. Hajiya, a irin waɗannan manyan littattafai, ƙamus da kundin ilimi da littafin likitoci, ba takardar ce ke cin kuɗi ba. Kwafin farko ne. Kafin a buga shafi ɗaya an biya marubuta, wani lokaci su ɗari ko fiye, an biya masu tacewa, masu zane, masu bin kowace lamba su tabbatar ba a rubuta 50 a gurbin 5 ba. Wannan kuɗin yana nan daram ko da ba za a taɓa buga littafin a takarda ba.

Ki ɗauki babban ƙamusun Ingilishi na Oxford. Kashin farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928. Bugu na biyu ya fito a 1989, mujalladi 20. Tun 2000 yake intanet, kuma har yau akwai ma'aikata da ake biya albashi suna gyara shi. A Janairun 2020 suka shigar da kalmomin Turancin Najeriya, har da Kannywood da okada. Wanda ke da mujalladan 1989 a kanta ba zai taɓa ganinsu ba. Ko namu na gida, Baturen nan Bargery ya haura shekara goma yana tattara kalmomin Hausa kafin ƙamusunsa ya fito a 1934.

Akwai kuma dalili na biyu da 'yan kasuwa ba sa son faɗa. In suka karya farashin na waya ƙwarai, na takardar da ke jibge a sito wa zai saya? Don haka suke ajiye su kusa da juna.

Maman Hanifa:
Na gode Baban Sadik. Amma ai kullum ku masu ɗab'i kukanku tsadar takarda ne. Yau kuma takarda ba komai ba ce?

Baban Sadik:
Kin kama ni ta wani gefe, amma abu biyu ne. A wurinmu takarda tana cin kaso babba, domin masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin ba su ba mu takardar littafi, daga waje ake kawo ta da dala, kuma kwafi dubu ɗaya ko biyu muke bugawa. Shi kuwa kamfanin Landan ko New York mai littafin likitoci, kuɗin bugu ƙaramin abu ne a lissafinsa in aka gwada da na marubuta da tacewa da ribar dillalai. Littafin ƙanwarki irin na biyun ne.

Malam Laburare:
Sannunku da muhawara. Bayanin Baban Sadik gaskiya ne, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Ni abin da ke damuna ba tsadar ba ce. Abin da aka sayar maka ne ya canza. Na takarda saye ne, na lantarki yawanci haya ce ko da an rubuta "saya" a kan maɓallin. Kamar mai gidan kansa ne da ɗan haya: ɗan haya yana iya samun gida mafi kyau, amma ran da bai biya ba kayansa na waje.

Ga lissafi. A Maris 2012 kamfanin Britannica ya sanar da daina buga kundin iliminsa a takarda, bayan shekara 244. Bugun ƙarshe na 2010 ne, mujalladi 32, dala 1,395. A lokacin kuɗin shiga shafinsu kusan dala 70 ne a shekara. Raba ka gani, shekara 20 ke nan kafin kuɗin hayar ya kamo na sayen. Mai gida a Amurka zai ce ai wannan araha ce, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa cinikin na takarda ya faɗi daga seti dubu 120 a 1990 zuwa kusan dubu 8 na bugun ƙarshe kafin sanarwar.

To amma mu ba a dala ake biyanmu ba. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Littafin takardar da muka sayo a 2015 bai san an yi wannan ba, yana nan a kanta ɗalibai na buɗawa. Rajistar shekara kuwa, ba a ƙara mana ko sisin dala ba, amma a naira ta ninka uku. Na ga shekarar da kuɗin sabuntawa bai fito a kan lokaci ba. Ɗalibai suka zo ɗakin kwamfuta, shafin da suka saba buɗewa ya ce su sa kalmar sirri. Duk abin da aka biya a shekarun baya, ko shafi ɗaya bai rage mana ba.

Lauyan Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, ka yi magana irin ta mai gini da kantoci. Bari in yi ta wanda ya fara aiki da jaka ɗaya. Rahoton shari'o'i na mako-mako, NWLR, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, ya daɗe da haura kashi 1,500. Wane sabon lauya ne zai sayi wannan daga farko, kuma a wane ɗaki zai ajiye? A da sai dai ka je ofishin wani babban lauya ka yi ladabi a bar ka ka duba. Yanzu da LawPavilion, manhajar rahoton shari'o'i, a kwamfuta, yaron da aka rantsar bara yana tsaye a harabar kotu zai lalubo hukuncin Kotun Ƙoli na watan jiya. Hayar da kake kuka da ita, ita ce ta ba talaka ƙofar shiga. Gara in biya kaɗan-kaɗan duk shekara da a ce sai na tara miliyoyi.

Sannan a aikinmu tsohon littafi yana iya kai ka ya baro. Ka kafa hujja da hukuncin da aka riga aka soke, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe da murmushi. Wanda bai taɓa shiga wannan hali a gaban alƙali ba ba zai gane abin da nake biya ba.

Hajiya Mai Kemis:
Barista ya faɗi abin da ke bakina. Maman Hanifa, a harkar magani ki yi hattara da tsohon bugu, ko da kyauta aka ba ki. Littafin magunguna na Ingila, BNF, sau biyu ake fitar da sabo a shekara, kuma ba don neman kuɗi kawai ba. Littafin da aka buga kafin 2005 zai ce miki chloroquine ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, alhali an koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Wanda aka buga kafin Mayun 2018 bai san gwamnati ta hana maganin tari mai kodin ba. Ranitidine da muka daɗe muna bayarwa don gyambon ciki, a 2020 aka janye shi a Amurka. Irin wannan littafi ni ban damu in mallake shi ba, domin bayan shekara biyu ko naɗe ƙosai ba zan so a yi da shi ba, kada wani ya karanta.

Amma littafin sassan jikin ɗan Adam daban ne. Ƙashi bai ƙaru ba tun da aka halicce mu. Wannan ta nemi na gwanjo wurin waɗanda suka gama, in ta gama ita ma ta sayar.

Malam Laburare:
Hajiya, kin ga "in ta gama ta sayar" ɗin nan? Shi ne abin da na lantarki ya kashe, kuma da gangan. Littafin takarda ɗaya yana iya ratsa hannun ɗalibai biyar, kamfani sau ɗaya ya ci kuɗi. Na waya kowa sai ya biya nasa. Barista, ban ce kada a yi haya ba. Na ce a san haya ce. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutane ya goge wani littafin George Orwell da suka riga suka saya, ya mayar musu da kuɗi. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. Mu ma'aikatan laburare namu ya fi muni: a 2011 kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya ce littafin lantarki in laburare ya ba da aronsa sau 26, sai an sake saye. Ina da littattafai a kanta da suka girme ni, an are su ba adadi, ɗinki kawai muke sabuntawa.

Ɗan Kurmi:
Ni fa ina karantawa ina dariya, domin mu a Kurmi an yi mana wannan yaƙin tun tuni, kuma abokin gabarmu ba mai tsada ba ne, kyauta ne. Tun da Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan addini na Larabci, ta shiga kwamfutocin ɗalibai wasu littattafai suka mutu murus. Mu'ujamul Mufahras na lafuzzan hadisi, mai mujalladi 8, da can malami ba ya cika malami sai da shi. Yanzu wa zai ɗauko mujalladi yana bin tushen kalma, alhali in ya rubuta ta a waya kafin ya ɗaga kai ta fito? Seti ɗaya ya daɗe a saman kantata har rana ta cinye launin bangon gefe ɗaya.

Amma Fathul Bari da tafsirai har gobe ana saye. Lisanul Arab bugun Dar Sadir, mujalladi 15, shi ma yana tafiya, ko da ba kamar da ba. Abin da na lura, littafin da ake buɗewa a ɗauki abu ɗaya a rufe, waya ta cinye shi. Wanda ake zama a shimfiɗa a karantar, bai mutu ba. Sai kuma masu saye don wakafi a masallaci, da masu kai wa malaminsu kyauta. Ba a kai wa malami kyautar kalmar sirri. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, masu saye don bayan kujera ya yi kyau in za a ɗauki bidiyo. Su ma Allah ya ƙara mana irinsu.

Wani abu da ba a ambata ba: gado. Na sha zuwa gidan malami bayan rasuwa a ce in yi wa littattafai kuɗi don a raba wa magada. Dukiya ce. Ban taɓa jin an kira wani ya yi wa abin da ke cikin waya kuɗi ba.

Ustaz Na Gwale:
Ɗan Kurmi, Allah ya yi wa kasuwa albarka. In ƙara a kan Shamila: mutane ne suka buga rubutun da hannu ko na'ura ta karanto, don haka akwai tuntuɓen alƙalami, wani lokaci layi guda ya faɗi. Shi ya sa ɗalibi mai hankali yake duba ko an rubuta cewa lambobin shafi sun dace da bugaggen littafi, in magana ta yi nauyi kuma ya koma ya ga hoton shafin ko littafin kansa. Wato na kyautar ma a jikin na takarda yake jingine. Wani ya kashe shekaru yana gwada rubuce-rubucen hannu kafin a samu bugun da aka kwafa.

Shi ya kawo ni kan Abba. Ɗana, Ibn Manzur mai Lisanul Arab ya rasu tun 711 bayan hijira, ba wanda zai ce ka ci haƙƙinsa. Amma littafin da masu shi ke raye suna ci da iyalinsu daga gare shi, hukuncinsa daban. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare. Dokar haƙƙin wallafa ta ƙasa ma an sabunta ta, an sa hannu a 2023.

Abba Ɗalibi:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma ban musa ba. Amma a duba mana. A 2022 bankuna suka mayar da abin da katin naira zai iya biya a waje dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya. Wato a lokacin ko ina da kuɗin, ko na yi niyyar biya, katin ba zai wuce ba. Littafi dala 80, malami ya ce jarrabawa daga cikinsa za ta fito, laburare kwafi biyu ne mu kuma mun fi ɗari biyu a aji. Me ake so in yi? Ba taurin kai ba ne. Su sa mana farashin da ya dace da aljihunmu su ga ko ba za mu biya ba. Ai muna sayen data kullum.

Malam Laburare:
Abba, nan kam ka taɓo inda yake ciwo. An taɓa yin abin da kake nema, kuma a takarda aka yi. Waɗanda suka yi jami'a kafin ƙarshen shekarun 1990 za su tuna littattafan ELBS, waɗanda gwamnatin Ingila ke tallafawa a sayar da su da rahusa a ƙasashe irin namu. Bayan su aka ci gaba da bugun Indiya mai takarda shara-shara, a bango an rubuta ba a sayarwa a Amurka. Sai wani ɗalibi ɗan Tailan, Kirtsaeng, ya riƙa sa 'yan uwansa su sayo masu arahar a gida yana sayarwa a Amurka. Kamfanin Wiley mai buga littattafan ya kai shi ƙara, a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yana da dama, wanda ya sayi littafi nasa ne. Ka ga dalilin da ya sa kamfanoni suka fi son lasisi a kan sayarwa. Abin haushin, a lantarki ne ya fi sauƙi a yi wa kowace ƙasa farashinta, tunda suna ganin daga inda ka shigo, amma a yawancin manyan littattafan da nake nema wa ɗalibai, farashin ɗan Kano da na ɗan Chicago ɗaya ne.

Kafin ka tafi Telegram, ka taɓa zuwa ka tambayi ma'aikacin laburarenku ko makarantarku tana cikin Research4Life, shirin da ya haɗa Hinari da AGORA? Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin Hinari, manyan kamfanoni suna buɗe mujallu da littattafan lafiya ga makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Akwai AGORA na aikin gona. Maman Hanifa, ƙanwarki ta fara da nan. Sau da yawa makaranta ta yi rajista, kalmar shigar tana cikin durowar wani, ɗalibai ba su sani ba. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata, ba na kamfani ba.

Maman Hanifa:
Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Gobe za ta je ta tambaya. Na jikin ɗan Adam kuma za mu nemi na hannu kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan matsalar canji ba ta kai taku ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Abin da munka fi fama da shi rezo ne, wato sabis na waya, da kuɗin haɗi da intanet. Ƙamusoshin Faransanci na Larousse da Robert duk suna da shafin da ake duba kalma kyauta, talla ce ke biya musu. Amma malamin makaranta da anka kai ƙauye, inda sai ya hau tudu yake samun kira, Petit Larousse na takarda shi ne abokinsa, ko da na shekara goma da ta wuce ne. Kyautar da sai da rezo ba kyauta ba ce gare shi.

Kuma Maman Hanifa da ta ce babu kwastan, ki san haraji ma ya taɓa zama a kan na waya fiye da na takarda. A Ingila littafin takarda ba a sa masa harajin VAT, amma na lantarki sai da ya riƙa biyan kashi 20 cikin ɗari har zuwa Mayun 2020.

Lauyan Kaduna:
To tunda an zagaya duniya, a dawo gida. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito tun 2006, Hausa zuwa Hausa. Shekara nawa ke nan? Kalmomi nawa suka shigo bakin mutane tun lokacin? Na Bargery wasu bayin Allah sun sa shi a intanet ana dubawa kyauta, amma Hausar 1934 ce. Ni da za a yi mana ƙamusun Hausa a manhaja, ana sabunta shi duk shekara, wallahi zan biya kamar yadda nake biyan na shari'a.

Baban Sadik:
Barista, kai za ka biya saboda da shi kake cin abinci. Ƙamus fa? Mun gwada sayar da wani ƙaramin littafi a PDF. Mutum ya saya da safe, kafin magariba wani abokina ya turo min shi daga wani zauren WhatsApp, yana cewa ga wani littafi mai kyau in duba. Littafina ne fa. Na takarda ko ɓarayi za su kwafa sai sun sayi takarda sun biya mai inji, wannan kuwa danna yatsa ne. In ka kulle shi a manhaja, sai ka biya mai rubuta manhajar, ka biya wurin ajiya da dala duk wata, waya ta canza tsari ka sake biya a gyara. Ga albashin masu tattara kalmomin. Kun ga mun dawo kan kuɗin da ake cewa na mene ne.

Ustaz Na Gwale:
Irin wannan aiki ai na wakafi ne ko na gwamnati. Masu kuɗinmu suna gina masallaci kusa da masallaci, da ɗaya ya ɗauki nauyin ƙamus a sake shi kyauta, da ya samu sadaka mai gudana.

Ɗan Kurmi:
Malam, in an sake shi kyauta ni kuma in sayar da me? A dai buga na takarda ko kwafi dubu biyu ne, akwai masu so.

Baban Sadik:
Kafin mai wakafin ya bayyana, bari in gwada zauren nan. Abba, kai ka ce a sa farashin aljihunku a gani. Ƙamusun Hausa a wayarka, cikakke, ana ƙara kalmomi duk shekara. Nawa za ka biya? Kada ka faɗi don kunya.

Abba Ɗalibi:
Dubu biyu a shekara, in yana buɗuwa ba data, kuma a karɓi tiransifa. In sai da data ko katin dala, ku riƙe abinku.

Hajiya Mai Kemis:
Ni zan ba da dubu biyar, amma sau ɗaya. Ba na son abin da zai riƙa bina bashi duk Janairu.

Baban Sadik:
To ga mutum biyu, kuma tun yanzu ba su yarda da tsari ɗaya ba. Saura su rubuta nasu a ƙasa, da adadi da kuma ko na shekara ko na sau ɗaya. Ina so in ga ko abin da za a tara zai biya mai tacewa ɗaya albashin wata uku.